Yadda ake zaɓen Submariner tsakanin tsohon ƙira da sabo idan kana tara agogo

Mutum uku na gani da idona, biyu a nan Birnin Kebbi, ɗaya a Jega, sun zuba miliyoyi a kan Rolex Submariner, shekara ba ta zagayo ba suna neman mai karɓa ko da faɗuwa ne. Ba jabu aka sayar musu ba. Agogon na gaske ne, sai dai sun saya ba su san wane zamani suke saye ba, ba su kuma san abin da aka taɓa a jikinsa ba. Ni ma na taɓa shiga wannan ramin, shi ya sa nake son mai shirin saye ya bi abin daki-daki.

Ba zan tsaya bayanin mene ne agogon nutso ba. Wanda ya kai ga tara agogo ya san Submariner ya fito a 1953, kuma duk waɗanda za mu yi magana a kansu suna jure zurfin mita 300.

Da farko, ka haddace lamba, ka bar laƙabi. Dillali zai ce maka "Hulk ne, ranka ya daɗe", kai kuma ka ce masa ya faɗi lambar ƙira. Zamani uku ne ke yawo a kasuwa. Akwai 16610, wanda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1980 har 2010: faɗinsa milimita 40, zoben da ke kewaye da gilashi na alminiyam ne, injinsa 3135. Sai 116610 daga 2010 zuwa 2020, inji bai canza ba, faɗi bai canza ba, amma zoben ya koma na siramik, jikin ya yi kauri, makullin sarƙa ya zama irin wanda ake kira Glidelock. Na uku shi ne 126610 da ya fito a 2020, milimita 41, da sabon inji 3235. Kowane zamani yana da ɗan'uwansa marar kwanan wata: 14060, 114060 da 124060. Idan ka ga LN a ƙarshen lamba baƙi ne, LV kuma mai koren zobe.

Mataki na biyu, ka buɗe akwatinka ka duba abin da kake da shi. Ƙa'idata ita ce: idan wannan ne babban agogonka na farko, ɗauki na 2020 ka huta. Injinsa yana riƙe aiki kimanin awa 70, na baya kuwa wajen 48. Ga mai agogo da yawa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, don za ka cire shi daren Alhamis, ka ɗaura wani da manyan kaya ranar Juma'a, ka dawo masa Lahadi da safe yana tafiya. Glidelock kuma yana ba ka damar sassauta sarƙa kaɗan-kaɗan ba tare da sukudireba ba, kuma duk wanda ya san yadda hannu ke kumbura a zafin Afrilu na Kebbi zai gane amfaninsa. Idan kuwa kana da agogon zamani a akwati, to 16610 ko 14060 ne zai kawo maka abin da ba ka da shi: ya fi sauƙin nauyi, yana shigewa ƙarƙashin hannun kaftani, zobensa yana koɗewa da shekaru yadda babu biyu da za su zama iri ɗaya. Na tsakiya ba na ba da shawararsa. Ƙafafunsa da ke riƙe sarƙa sun yi faɗi, yana zama kamar akwati a hannu, har na milimita 41 ya fi shi kyan zama. Sai dai idan 116610LV kake so, wato wanda dillalai ke kira Hulk, mai koriyar fuska da koren zobe, wanda aka daina ƙerawa a 2020. Shi wannan ba shi da makwafi.

Wani abu da ya shafe mu Musulmi: akwai Submariner na farin zinare, mai shuɗin zobe, wanda a hoto sai ka rantse ƙarfe ne. Lambarsa tana ƙarewa da 19 kafin haruffa, wato 116619 ko 126619. Ko na ƙarfen ma, ƴan da'irorin da ke kewaye da alamomin awa na zinare ne. Ka tambayi malaminka kafin ka biya, ba bayan ka biya ba.

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa. Idan zuciyarka ta kwanta da 16610, kada ka ɗauka agogo ɗaya ne. Sama da shekara ashirin aka yi ana ƙera shi, ana sauya masa abubuwa a hankali, kuma dole kowane sashe ya yi daidai da shekarar da ake cewa ta agogon ce. Na kafin wajen 1998 an shafa wa alamominsa sinadarin tritium, za ka ga an rubuta T<25 a ƙasan fuska kusa da ƙarfe shida. Wannan sinadari ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 12, saboda haka na wancan lokacin bai kamata ya haska dare ba. Ko ka dalla masa tocila, ɗan hasken nan take zai mutu. Na kafin wajen 2003 yana da huji a gefen ƙafafu, na bayan wannan shekarar babu. Na shekarun ƙarshe ne kawai ke da sunan kamfanin a zane a bangon ciki, tsakanin fuska da gilashi.

Nawa na farko ta hannun wani dillali ya zo, hotuna kawai na gani a WhatsApp. An ce mini na tsakiyar shekarun 1990 ne, lambar jikinsa ma ta nuna haka. Daren da ya iso aka ɗauke wuta, sai na ga fuskarsa tana haske kamar sabon agogo. Da gari ya waye na duba, babu T<25. An canza fuskar da hannuwan a wajen gyara. Kayan na kamfanin ne, ba na jabu ba, amma ga mai tarawa agogon ya riga ya rasa babban rabon darajarsa. Da na kai wa wani dattijo da ya daɗe a harkar, ya juya shi gefe ya ce, "Yaro, dubi ƙafafun nan, an goge su har sun rame." Gaskiya ne. Injin goge ƙarfe ya cinye kaifin gefe, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya siranta, bakin hujin ya baje. Karce ana iya zama da shi, amma ƙarfen da aka goge ya tafi har abada. Wannan abu ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma na sayar da shi da asara.

Don haka ka nemi hoton gefe biyu a hasken rana, ba na shago ba. Ka sa a cire sarƙa a ɗauki lambar ƙira da ke tsakanin ƙafafun sama da lambar agogon da ke tsakanin na ƙasa (a na shekarun ƙarshe, a bangon ciki take). Ka nemi bidiyo a ɗaki mai duhu. Ka ce a riƙe agogon a kwance, sarƙa tana shawagi, ka ga iya lanƙwasawar da take yi, don tsohuwar sarƙa tana saki kuma sabuwa kuɗi ne mai yawa. Tsohon agogon da ya cika sheƙi, ni ba na sayensa. Mai sayarwar da ya ce ba shi da lokacin waɗannan hotuna, ka bar masa kayansa.

Maganar kuɗi, da dala ake lissafin wannan kasuwa, sai ka tsayar da farashin canji da mai sayarwa a ranar da za ka biya. Kada kwali da kati su ruɗe ka, ana sayar da su daban. Na 2020 dole ka karɓi katin garantinsa, lambar da ke kai ta yi daidai da ta agogon, garantin kuma shekara 5 ne daga ranar da aka fara sayensa. A tsohon ƙira ka ware kuɗin sabis a gefe tun kafin ciniki ya faɗa. Wata hanyar sauƙi: marar kwanan wata yawanci ya fi araha, kuma ni a idona ya fi kyau.

Idan ya iso, kada ka yi alwala da tsoho, balle ka shiga ruwan Matan Fada da shi, sai an gwada shi da injin gwajin ruwa an canza robobin ciki. Kada ka bari mai gyaran bakin kasuwa ya buɗe bayansa, musamman a ƙurar hunturu. Ka kai shi inda suke da kayan aikin, a Legas ko Dubai, ka kuma rubuta musu a takarda: ban yarda a goge ba, ban yarda a canza fuska, hannuwa ko zobe ba. Kullum ka tabbata ka murɗe maɓallin gefe ya kulle kafin ruwa ya taɓa shi.