Yadda Ake Kafa Lambun Haɗin Gwiwa a Ƙauye

Da yawa daga cikin lambunan haɗin gwiwa da suka mutu, rigimar fili da rabon ruwa ce ta kashe su tun kafin ƙwari su yi nasu aikin. Saboda haka, kafin a sa fartanya a ƙasa, ya kamata a zauna gaban mai unguwa ko dagaci a rubuta yarjejeniya da mai filin, a fayyace ko aro ne ko haya, da shekarun da za a yi, domin sau da yawa mai gona yakan nemi abinsa da zarar ya ga ƙasar ta sha taki ta yi baƙi.

Daga nan sai batun ruwa. A fadama, inda ruwa yake kusa, rijiyar burtsatse marar zurfi da ƙaramin inji sun wadatar, amma kuɗin fetur yana cinye riba, shi ya sa ƙungiyar da take da hali gara ta yi karo-karo ko adashi ta sayi famfo mai aiki da hasken rana. A tsara ranar ban ruwan kowa, a kuma naɗa mutum ɗaya mai riƙe kuɗin gyara. Da safe ko da yamma ake ba da ruwa, sannan a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa don danshi ya daɗe. Shinge kuwa dole ne, domin da rani ake sakin awaki. A fara da darni ko ƙaya, a jera zogale ta ciki, wanda shi ma abin miya ne.

A kasa filin fangali-fangali, kowane gida da nasa, amma wurin renon iri da ramin taki su zama na kowa. Kashin shanu da na kaji, da toka, da sharar gida wadda aka tsince ledoji daga cikinta, a tara su a rami ana yayyafa ruwa ana juyawa har su ruɓe, domin ɗanyen taki yana ƙone saiwa. Tumatir yakan isa dashe bayan mako 3 zuwa 4, albasa kuwa sai ta kai mako 6 zuwa 8. Sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin tumatir da kabeji da latas da karas.

Kada a maimaita tumatir inda aka cire tattasai ko attarugu ko gauta, domin danginsu ɗaya, cutarsu ma ɗaya. A bi bayansu da albasa ko wake. Manoman Kano da Kaduna ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir. A riƙa duba bayan ganye, a cire wanda ya kamu a binne shi, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma tare da ɗan sabulu.

A ƙarshe, kada kowa ya dasa rana ɗaya. Idan aka raba dashen da tazarar mako 2, kaya ba za su nuna gaba ɗaya farashi ya faɗi ba, abin da ya yi saura kuma a yanka a shanya shi ya zama kauɗa don damina.