Darasi na Tara: Idan Tsakuwa Ta Ɓantare Fentin Mota

Kana tafiya a kan hanya, tirela ta wuce ka, tayarta ta harbo tsakuwa. Ka ji ƙas a goshin motarka. Da ka tsaya ka duba, sai ga fenti ya ɓantare, wurin bai kai ƙwayar wake ba. Direbobi da yawa shafawa suke yi da yatsa su wuce. Amma damina ɗaya ta isa wurin ya yi ja da tsatsa. Ita kuwa tsatsa ƙarƙashin fenti take bi tana ci, har ya kumbura kamar bororo. A nan sai an je wurin fenta, da kuɗi mai kauri.

Fentin mota hawa uku ne. Na ƙasa shi ke kama ƙarfe, yawanci ruwan toka ne. Na tsakiya shi ne launin motar. Na sama garai yake kamar ruwa, shi ke ba ta sheƙi. Leƙa ramin da kyau. In ka ga ruwan toka, ƙarfe yana rufe tukuna. In ka ga ƙarfe yana walƙiya, ko ja-ja, kada ka bari ya yi kwanaki. Bamba ta roba ba ta tsatsa, ita tana iya jira.

Kada ka je shago ka ce, "Ba ni farin fenti." Fari iri-iri ne. Kowace mota tana da lambar fentinta, a kan takarda ko ɗan faranti da ke jikin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet. A motar Toyota nemi haruffan C/TR. Abin da ya biyo bayansu shi ne lambar: 040 fari ne, 202 baƙi. Kwafi taka a takarda da hannunka, ka kai wa mai haɗa fenti. 'Yar kwalba ta ishe ka. Haɗa da fentin ƙasa kaɗan, da na sheƙi, da sanfefa mai laushi, lamba 1500 ko 2000.

Shigar da motar inuwa, inda iska ba ta kaɗo ƙura. Ƙarfe mai zafi yana busar da fenti kafin ya kwanta. Wanke wurin da sabulu, ka bar shi ya bushe sarai. In akwai tsatsa, naɗe 'yar sanfefa a kan tsinke ka kankare cikin ramin kaɗai, sai ƙarfe ya fito fes. Goge da tsumma mai tsabta.

Yanzu sai haƙuri. Buroshi ya yi wa wannan aiki girma, tsinken sakace ya fi. Tsoma bakinsa a fentin ƙasa, ka ɗiga a tsakiyar ramin, ka bar shi ya bazu da kansa. Kada ka shafa. Bayan ya bushe, girgiza fentin launi sosai, ka ɗiga ɗigo ɗaya. Jira kamar minti 30, ka ƙara wani. Ɗigo biyu ko uku sukan isa. Hannu zai so ya cika ramin gaba ɗaya, hana shi: fenti mai kauri samansa ke bushewa, cikinsa ɗanye, daga baya ya yamutse. Bar ɗan gurbi domin na sheƙi, shi ne na ƙarshe. Kwana biyu kada ruwa ya taɓa wurin.

In ka matso kusa za ka ga tabon kaɗan. Ba laifi, ƙarfen ya rufu.

Fenti da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, suna kama wuta. Kada a kunna ashana kusa da su, kuma kada ka zuba tina a kwalbar lemo, yaro zai ɗauka abin sha ne.

Aikin gida: nemo lambar fentin wata mota a unguwarku, da izinin mai ita, ka rubuta a littafinka ka zo da ita aji.