Yadda ake haɗa allon roba da zaren rama a hannu

Idan ka taɓa ganin jirgin ruwa na roba ko tankin ruwa na faiba gilas, toh abu biyu ne aka haɗa, zaren gilashi da rezin, wato ruwan robar nan mai kauri da ke daskarewa. Abin da za mu yi shi ne mu cire zaren gilashin mu sa na tsiro a madadinsa, rama ko sisal ko jut ɗin da ake saƙa buhun algarara da shi ko filaks, tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa. Dalilin kuwa nauyi ne, zaren gilashi yana da wajen giram 2.5 a kowane santimita kubik, na tsiro kuma 1.3 zuwa 1.5, kusan rabi kenan, ga shi a gona ake samunsa, ba sai an narka yashi a wuta mai zafin gaske ba, kuma ba ya sa ƙaiƙayi a jiki kamar na gilashi. Abin ma ya daɗe, motar Trabant ta Jamus ta Gabas tun 1957 da ragowar auduga da rezin aka yi gangar jikinta, Porsche kuma a 2019 ta fito da motar tsere mai ƙofofin zaren filaks.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, danshi ne abokin gabar wannan aikin. Zaren tsiro yana shan ruwa, ko wanda ka taɓa ka ji ƙayau yana iya ɗauke da kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari na ruwa, rezin kuma ba ya jituwa da ruwa sam, idan suka haɗu sai rezin ya ƙi kama zaren.

Fara da wanke zaren ka taje shi ka cire ɓawo da ƙasa. Sannan jiƙo a ruwan soda, sodar nan mai ƙuna da ake yin sabulu da ita, giram 50 a lita 1 na ruwa. Dan Allah sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa ake zuba wa soda ba, domin tana zafi tana iya fallatso maka, ka sa safar hannu da tabarau, kuma bokitin roba za ka yi amfani da shi, kada ka kuskura ka sa kwanon alminiyam don soda na cin sa. Awa 2 zuwa 4 sun isa. Sodar tana wanke kakin da ke jikin zaren da wani ɓangare na danƙon da ya lulluɓe shi, sai jikinsa ya yi kaushi rezin ya sami wurin kamawa, dabara ce da ta samo asali daga aikin da John Mercer ya yi kan auduga a Ingila a 1844. Idan ka bar shi ya kwana biyu a ciki ko ka cika soda, zaren ne zai yi rauni ya riƙa tsinkewa a hannu. Ka yi ta ɗauraya har sai ka daina jin santsi a ruwan.

Yanzu busarwa, nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Shanya kwana biyu, sannan ka sa a obin a zafin digiri 60 zuwa 80 na wasu awoyi, kada ka ƙure wuta don zaren tsiro yana fara lalacewa idan zafi ya doshi 200. Yadda za ka gane ya bushe, ka auna a sikeli ka rubuta, ka mayar awa ɗaya ka sake aunawa, idan nauyin ya daina raguwa shikenan. Allon da na fara yi ban bi wannan ba, na taɓa zaren na ji kamar ya bushe na ci gaba abina, da na ɗaga allon a haske sai ga fari-fari kamar hazo ko'ina da ƙananan kumfa a jere a jikin zaren, ina lanƙwasawa ya ɓare gida biyu, wallahi abin ya dame ni sosai. Da ka fito da zaren ka yi aiki da shi nan take, ko ka ɗaure shi a leda.

Mazubi kuwa gilashi ko faranti mai santsi ya isa, ka goge shi da kaki sau biyu ko uku don kada allon ya manne. Idan rezin foliyesta ne, sinadarin daskarewarsa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ake sawa, wato giram 5 zuwa 10 a rezin giram 500, idan kuma efoksi ne ka bi abin da aka rubuta a jikin gwangwani daidai, ban da kintace. Ka dama kaɗan-kaɗan don foliyesta na fara kauri cikin minti 15 zuwa 20, kuma a wuri mai iska za ka yi, da takunkumi, warinsa yana sa ciwon kai.

Shafa rezin a mazubi, shimfiɗa zare, ka riƙa dannawa da kan buroshi har ya jiƙe ya yi duhu, duk inda ka ga haske rezin bai shiga ba. Bi da rola ka kori iska. Shimfiɗa ta biyu ka gitta ta a kan ta farko, domin zare ta tsawonsa yake da ƙarfi, idan duk suka kalli gefe ɗaya allon zai tsage kamar kara. Rufe da leda, ɗora katako da nauyi a kai ya matse rarar rezin, ka bar shi awa 24.

Bayan ka yanke gefe ka goge, ka tabbata ka shafe bakin da rezin, ta nan ruwa ke shiga zaren ya kumbura. Irin wannan allo yana yi a murfi, akwati, bangon ƙofar mota na ciki da kujera, amma kada ka ɗora masa nauyin gini. Kuma foliyesta da efoksi daga man fetur suke, ba sa ruɓewa, idan kana son wanda zai zama taki sai robar PLA da ake yi daga tsiro, irin wadda Toyota ta haɗa da rama ta yi murfin tayar safiya, wato tayar ko-ta-kwana, a 2003, ita kuma injin matsewa mai zafi take buƙata.