Matakan jinyar ciwon dunduniya ga mai gudun motsa jiki

Idan takun farko da safe yana sukar dunduniyarka kamar ka taka ƙusa, galibi jijiyar tafin ƙafa ce ta sha wahalar gudu.

Da farko ka ajiye gudun. Na san da wuya, amma cijewa a ci gaba ita ke mai da jinyar makonni ta koma ta watanni.

Sai ka daskarar da ruwa a gora, ka sa safa, ka riƙa mirgina gorar a ƙarƙashin tafin ƙafar na minti 15, sau biyu ko uku a rana. Kafin ka sauko daga gado, ja yatsun ƙafar sama da hannu na daƙiƙa 30. Bayan nan dafa bango, mai da ƙafar baya, dunduniya a ƙasa, har ka ji sharaɓa ta miƙe. Kada ka taka siminti ba takalmi, ko a tsakar gida.

Don kada numfashinka ya ja baya, hau keke na minti 30, ko ka yi iyo in da wurin yi. Tsallen igiya kam, bar shi tukuna.

In ƙafar ta kumbura ko takawa ta gagara, garzaya asibiti a duba ko ƙashi ne ya tsage. In kuwa ciwon ya lafa, fara da gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu.