Ka ji abin da aka faɗa, amma ka gane abin da ake nufi?

Yawancin sababbin zuwa ƙasar waje sukan ɗauka cewa da zarar harshen ƙasa ya zauna a baki, matsalar magana ta ƙare. Sai mutum ya daɗe yana jin kowace kalma amma yana cikin duhu. Shugabansa a wurin aiki ya ce shawararsa tana da ban sha'awa, daga baya ya gano ashe an yi watsi da ita tun a wurin. Maƙwabci ya ce lallai wata rana a zo a yi hira, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa, aka buɗe ana kallonsa da mamaki. Kunnensa lafiya lau. Abin da ya kuɓuce masa shi ne nufi, kuma nufi ba a cikin kalmomi kaɗai yake zaune ba.

Wani masanin falsafa ɗan Ingila, Paul Grice, ya warware wannan a laccocin da ya gabatar a Jami'ar Harvard a 1967. Ka tambayi mutum ko zai zo taro gobe, ya ce maka ɗansa ba shi da lafiya. Bai ce a'a ba, amma ka ji a'a. Ka ji ne domin ka ɗauka cewa amsarsa tana da alaƙa da tambayarka, sai ƙwaƙwalwarka ta cike giɓin da kanta. Wasu masana biyu, Dan Sperber da Deirdre Wilson, sun ƙara a kan haka a 1986: mai sauraro yana kama ma'anar da ta fi saurin zuwa masa, in dai ta gamsar, sai ya tsaya nan bai ƙara nema ba. To a nan gizo ke saƙar. Ma'anar da ta fi saurin zuwa maka ita ce wadda ka tashi da ita, ta mai maganar kuwa daga wani wurin ta fito. Kowannenku yana da tabbacin ya fahimci ɗan'uwansa, shi ya sa babu mai tambaya.

Edward Hall, Ba'amurke masanin halayyar al'umma, ya kasa mutane a 1976 tsakanin masu zuba komai cikin kalma da masu barin rabin magana ga yanayi da sanayya. Ya sa Jamusawa a gefen farko, Japanawa a ɗaya gefen. Rabon yana da amfani, amma kada ka riƙe shi kamar aya. A kowace ƙasa akwai mai kwana-kwana da mai faɗa kai tsaye. Abin da za ka ɗauka shi ne, idan abokin aiki a Jamus ya ce maka aikinka ba daidai ba ne, galibi aikin yake nufi, ba mutuncinka ba, kuma babu wani habaici a ƙarƙashi da za ka kwana kana tono. A Ingila akasin haka ne: sukan naɗe suka cikin ladabi har ta yi kama da yabo, umarni kuma ya zo da siffar tambaya. Shugaba ya ce "ko za ka iya duba wannan in ka sami lokaci?" ba zaɓi ya ba ka ba.

Murya ma tana ɗauke da nata kayan. Wani masanin harshe, John Gumperz, ya binciki wani saɓani a ɗakin cin abincin ma'aikata na filin jirgin Heathrow da ke Landan, inda ake ƙorafin cewa mata 'yan Indiya da Pakistan da aka ɗauka aiki ba su da fara'a. Da aka naɗi maganarsu aka saurara, sai aka ga kalma ɗaya suke faɗa da takwarorinsu Turawa, sai dai Turawan suna ɗaga murya a ƙarshe, ya zama tayi, su kuma suna sauke ta, ya zama kamar "ga shi nan, in ka ga dama". Matan sun daɗe suna ganin wariya ce kawai ake nuna musu. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin a Hausa hawa da saukar murya na iya canja kalma ɗungurum, a Ingilishi kuwa halin mai magana suke nunawa. Ka riƙa sauraron yadda suke ƙare jimla in suna roƙo ko tayi, ba kalmomin kawai ba.

Sai shiru. Wani bincike da aka buga a 2009 kan harsuna 10 ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce. Japanawa sun fi kowa sauri, 'yan Denmak sun kusa rabin daƙiƙa. In amsa ta yi jinkiri fiye da yadda aka saba, mai tambaya ya fara jin ƙamshin a'a. Kai kuwa kana can kana haɗa jimla a ka. Ka faɗi cewa kana tunani ne, kada shirunka ya amsa a madadinka. Abin takaicin ma, kamar yadda wata masaniyar harshe, Jenny Thomas, ta lura a 1983, shi ne kuskuren nahawu ana yafe wa baƙo, amma in harshenka ya goge, irin waɗannan kurakuran sai a ɗauke su rashin tarbiyya.

Akwai wuraren da kara da kunya ke da tsada. A Janairun 1990 jirgin saman kamfanin Avianca daga Kolombiya ya daɗe yana shawagi yana jiran izinin sauka a New York. Matuƙan sun ce mai yana ƙare musu, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar gaggawa da masu kula da zirga-zirgar jirage ke jira ba. Man ya ƙare, jirgin ya faɗi a Long Island, mutum 73 suka rasu. A gaban likita, ɗan sanda, jami'in shige da fice ko mai gidan haya, hannunka mai sanda ba ya aiki. In ciwo ya tsananta ka ce ya tsananta, domin "da sauƙi" za a rubuta a fayil yadda ka faɗa. In ba ka yarda da wani sharaɗi ba, ka ce ba ka yarda ba. Gyaɗa kai na girmamawa amincewa za a lissafa shi.

Bayan duk wata muhimmiyar magana, ka maimaita wa mutum abin da ka fahimta da bakinka, ka tambaye shi ko haka yake nufi, da ranar da ake so a gama. In akwai kuɗi ko wa'adi ko sa hannu a ciki, ka roƙi a aiko maka a rubuce. A asibiti da kotu kuma ka nemi tafinta tun kafin ranar, ko da kana ganin Turancinka ya isa.