Yadda ake saka lambar cuta ta matsalar ji a ICD-10 (kundin lambobin cututtuka na duniya)

Toh abu na farko, kar ka taɓa lamba sai ka duba takardar gwajin ji da abin da likita ya rubuta da hannunsa, don "baya ji sosai" kaɗai ba ganewar cuta ba ce.

Yawancin aikin yana ƙarƙashin H90. Tambaya biyu zaka yi wa kanka: a ina matsalar take, kuma kunne ɗaya ne ko biyu. In sauti ne baya isa ciki saboda kunnen waje ko na tsakiya, kamar ruwa ya taru bayan dodon kunne, H90.0 ne in duka biyun ne. In kunnen ciki ne ko jijiyar ji, H90.3, in kuma matsalolin biyu sun haɗu H90.6, su ma in duka kunnuwan biyu ne. Kunne ɗaya kuwa, ɗayan lafiya lau, sai H90.1, H90.4 ko H90.7 bi da bi, amma masu bin tsarin Amurka na ICD-10-CM sai sun ƙara 1 na dama ko 2 na hagu, wato H90.41 jijiyar dama kenan, nan ne mutane suka fi yin kuskure wallahi.

Rashin ji na tsufa H91.1, wanda magani ya jawo H91.0 sai ka haɗa da lambar maganin, na ƙarar injina kuma can yake a H83.3. Dattin kunne da ya toshe H61.2 ne.

H91.9 kam, ta rashin jin da ba a fayyace ba, ta malalata ce, in bayani bai fito ba koma ka tambayi likitan kawai.