Injin waldarka na farko: ka fara duba wutar gidanku tukuna

Wani ƙanina ne ya kira ni kwanakin baya, wai ya tara 'yan kuɗi yana so ya sayi injin walda ya riƙa taɓa aiki a gida, gyaran ƙofa ne, teburin shago ne, kejin kaji da makamantansu, kuma har ya ga wani a kasuwa an rubuta 400 ɓaro-ɓaro a jikinsa, wato amfiya 400, ƙarfin wutar da wai yake bayarwa, ga shi da araha. Nace masa tsaya tukuna, wutar unguwarku yaya take? Shiru. Toh daga nan ake farawa ai, ba daga lambar da ke jikin inji ba.

Bari in fara rage maka hanya. Walda iri-iri ce amma wadda za ka fara da ita ita ce ta sanda, wato wadda ake maƙala sandar ɗinkin ƙarfe, ilaktirod, a mariƙin da ake kira holda, irin wadda kake gani a bakin titi kullum, a jikin injin za ka ga an rubuta MMA ko ARC. Akwai MIG mai naɗin waya da tukunyar gas, gaskiya ta fi sauƙin koyo kuma ɗinkinta ya fi tsafta a kan siririn ƙarfe, sai dai gas ɗin kuɗi ne, cika shi wahala ce in ba a babban gari kake ba, sannan in a tsakar gida kake aiki iskar hunturu tana kaɗawa za ta kwashe gas ɗin da ke kare ɗinkin, ya fito duk huji-huji. TIG kam ka manta da ita yanzu, ta masu aikin sitenles da alminiyam ce, hannu biyu take ci da haƙuri mai yawa. Ta kabaid kuma ka bar wa masu gyaran bodin mota.

A cikin na sandan ma kala biyu ne. Akwai tsohon yayi mai taransifoma, wanda masu naɗin koyil ke haɗawa a nan gida, wani ma a cikin mai yake zaune don ya huce. Jarumi ne wallahi, ya sha ƙura ya sha rana, in ya ƙone a sake naɗa shi a ci gaba. Amma nauyinsa sai mutum biyu ko a sa masa taya, kuma cin wuta gare shi ba kaɗan ba, kana ɗana sanda ƙwan maƙwabta na lumshewa, in mitar kati gare ku kuwa za ka ga yunit na zubewa kamar an huda tulu. Ɗayan shi ne inbata, ɗan ƙarami ka rataya a kafaɗa, kilo huɗu zuwa shida, wutarsa DC ce mai laushi, sanda na saurin kamawa, kuma kana iya murɗa amfiya a hankali har ka samu daidai. Ga ɗan koyo a gida ni inbata nake cewa, ba na ma dogon tunani. Rauninsa dai allon lantarkin da ke ciki, ba ya son ƙurar ƙarfe, ba ya son danshi, ba ya son wuta mai tsalle-tsalle.

Yauwa, maganar wutar. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a takarda, amma kai ka san abin da ke zuwa unguwarku da magariba. In wutar ta yi ƙasa sosai sanda sai ta riƙa manne wa ƙarfe, kai kana zargin hannunka alhali laifin layi ne. Ka aro mitar auna bolt wajen mai gyaran wuta ka auna soket ɗinku safe da yamma na kwana biyu uku kafin ka je kasuwa, in kana yawan ganin ƙasa da 190 to ka nemi injin da aka rubuta yana jure ƙaramar wuta, kuma ka sa a gwada maka a gabanka. Sannan fulogin gida mai fiyus amfiya 13 ne, in kana ƙona sanda mai kauri injin zai iya jan fiye da haka, dan haka kar ka kuskura ka jona shi a ekstanshin ɗin caja da talabijin, ka sa a ja maka layinsa daban da waya 4mm da birekarsa. In kuma da janareta za ka yi, ɗan ƙaramin nan na kunna fanka da ƙwai ko kusa ba zai iya ba, wanda zai ɗauki inbata cikin kwanciyar hankali sai daga 5.5 zuwa 6.5kVA kuma mai AVR, wato na'urar da ke daidaita wutar, don janareta mai wuta hawa da sauka shi ne ya fi kashe inbata.

Yanzu mu koma kan 400 ɗin ƙanina. Ai kai a gida sanda biyu kawai za ka riƙa ƙonawa, geji 12 wato 2.5mm da geji 10 wato 3.2mm, yawanci E6013 wadda ake samu ko'ina. Geji 12 tana cin amfiya 60 zuwa 90 haka, geji 10 kuma 90 zuwa 130. Kaga kenan injin da ke ba da 160 na gaskiya ya ishe ka har da canji, 200 ma ya yi yawa. Ɗan akwatin da ka ɗaga da yatsa biyu, fuloginsa na soket ɗin gida, aka ce maka 400 ne, lissafin ma ba ya shiga, don wutar da za ta ba da 400 ba ta soket ɗin ɗaki take bi ba. Fenti ne kawai. Har lambar da ke haskawa a gaban injin ma wasu ƙara mata gishiri ake yi.

Inda gaskiya take shi ne ɗan farantin bayanai da ke baya ko ƙarƙashin injin. Ka nemi layin da aka sa X, za ka ga 35% ko 60% ko 100%, ƙarƙashinsa kuma I2 da amfiyar kowanne. Ma'anarsa a cikin minti goma minti nawa injin zai yi yana aiki kafin ya nemi hutu, 60% a kan 120A na nufin minti shida aiki, huɗu hutawa. Kuma a ƙa'ida ana auna wannan ne a zafin digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi muna wuce nan, toh ka ajiye shi a inuwa. In ka samu mai 60% a kan 110 ko 120A ka gama. In babu farantin kwata-kwata, ko an rubuta 100% a kan babbar lambar nan, ka ajiye musu kayansu.

Kar ka biya sai an jona. Ka tafi da guntun ƙarfenka da sanda geji 10 guda uku, in da hali ka ja wani mai walda da ka sani ka saya masa abincin rana, a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba za ka rasa wanda zai duba maka ba. A ƙona sandunan a jere ba hutawa. In fitilar zafi ta kama tun a ta biyu ka ga amsarka. Ka saurari fankar ciki, ka ɗaga wayoyin ka ji nauyinsu, da yawa alminiyam ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe, ba su da nauyi kuma suna saurin ɗaukar zafi, in sun gaji ka canza da na jan ƙarfe zalla 16mm ko 25mm. Ka kuma tambayi mai shagon waye ke gyara wannan samfurin a garin, in ya fara kame-kame to ranar da ya lalace sai dai ka mayar da shi kujerar zama.

Wani kuskure da kusan kowa ke yi, ni ma na yi shi, shi ne zuba duk kuɗin a inji. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku don sauran kayan aiki da na kariya. Injin yanka da gurza ƙarfe mai fayafayan 115mm dole ne, don rabin aikin walda yanka ne da gogewa. Ga ƙaramar guduma ta kakkaɓe ɓawon ɗinki, buroshin waya, sukwaya, tef, kilam biyu na matse ƙarfe. Sai babba, abin rufe fuska mai gilashi lamba 10 ko 11. Baƙin tabaran nan na gayu da yaran bakin titi ke sawa ba ya tare komai, ni na taɓa yin wannan gangancin na wuni guda, da rana lafiya lau, ƙarfe biyun dare na farka kamar an zuba min yashi a ido, hawaye kawai, har asuba ban iya kallon fitila ba. In kana da hali ka sayi mai yin duhu da kansa in wuta ta tashi, yana taimakon ɗan koyo sosai don kana ganin inda za ka ɗora sandar. Safar hannu ta fata, riga mai dogon hannu ta auduga ba jesin ƙwallo ba don shi narkewa yake a jiki, takalmi rufaffe ba silifas ba. Ƙarfe mai ruwan zinki, irin fayif ɗin ruwa mai fari-fari, hayaƙinsa na sa zazzaɓi, ka gurje wurin kafin ka ɗinka kuma a waje, madarar gwangwanin da ake cewa a sha bayan aiki ba ta wanke huhu. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa ko an rantse maka an wanke kar ka kusance shi da wuta.

In ka kawo shi gida kar ka fara da siririn fayif mai kusurwa huɗu ɗin nan na 1mm ko 1.2mm da ake yin tagogi da shi, huda shi za ka yi ta yi har ka tsani sana'ar. Ka je wajen 'yan gwangwan ka auno guntayen angul, ƙarfen nan mai kusurwa, da falatba, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfe, masu kaurin 3mm zuwa 5mm, ka sa geji 12 a kan amfiya 80, ka yi ta jan layi a miƙe har fakiti ɗaya ya ƙare, kana kakkaɓe ɓawon kana duba abin da ke ƙasa. Siririn fayif sai daga baya, da ɗiga-ɗiga ake binsa, ka ɗiga ka ɗaga ka bari jan ya mutu ka sake ɗigawa. Sandunan kuma ka zuba su a cikin abu mai murfi musamman da damina, in suka sha danshi sai tartsatsi da tofi. Ƙanina dai mai 160 ya ɗauka a ƙarshe, yanzu yana kan fakiti na biyu, kejin kajin ya ɗan karkace ta gefe ɗaya amma kajin suna ciki.